Zare Mai Ƙulli Uku

Saura kwana biyar a ga wata
na fito daga Bagalam da hantsi,
azumi a bakina, jikka ashirin a bakin zane,
da zare guda mai ƙulli uku:
na fari ƙafar Lawali,
na biyu ƙafar Cima,
na ukun ƴar ƙafar Illa.
Suna barci na auna su,
don kada wani ya ce sai ya bi ni.

Babbar kasuwa ta cika ta batse.
Lasifika a kan baro tana ta maimaita kanta:
an karya, an karya, an karya farashi!
Maƙoshinta ba ya bushewa,
ita da ba ta ɗauki azumi ba.
Kwali a ƙofar kowane shago,
huɗu an soke da ja, uku a ƙasa.

Na tsaya gaban Ma'azu mai takalma.
Takalmin nan na san shi, shi ma ya san ni.
Ran goma ga Sha'aban na ɗaga shi na juya,
biyu da rabi aka ce mini, har da rantsuwa.
Yau ya hau huɗu don ya sauko uku,
kamar wanda ya faɗo daga kuka
ya maƙale a kan katanga
yana ihu wai ya iso ƙasa.

Na shimfiɗa zarena a tafin takalmin,
na bar wurin yatsa ɗaya,
ƙafar yaro ba ta jiran baɗi.
Na ce biyu. Ya ce albarka.
Na juya. Taku ɗaya, taku biyu,
na wuce mai turare, na kusa mai hula,
sai na ji: Hajiya, kawo kuɗi!
Ban taɓa zuwa Makka ba,
amma na juyo.

Kada ku ce wayo ne da ni tun asali.
Bara war haka ni ce na kinkimo fanka,
wai rangwame, wai saura ita kaɗai.
Ta yi mana fifita ran idi da kashegari,
a na uku ta yi tari ta yi shiru.
Yanzu a kanta nake rataye mayafi.
Kuɗin kuwa na Baraka ne, maƙwabciyata,
sai da aka yanka ragunan layya
na iya haɗa ido da ita.
Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi,
wawan kuwa sunana gare shi.

A layin ƴan atamfa na gamu da ita,
ruwan ganye da ɗigon zinari.
Na murza bakinta, ba ta zuba,
na ɗaga ta a rana, ba ta haska hannu.
Ba ta da aibu, wannan ne aibunta.
Ɗauki biyu, in ji yaron, a ba ki ɗankwali kyauta.
Na laluba zarena daga farko har ƙarshe,
babu ƙullin da ke da sunanta.
Na ce mata, zauna nan.
Kwana uku bayan idi
lasifika za ta yi barci,
ke da mai ke duk za ku yi laushi.

La'asar sakaliya na hau kabu-kabu,
takalma uku, yadin yara, sukari, man gyaɗa,
da jikka huɗu da ba su ga rana ba.
Illa ya sa nasa ya ƙi cirewa,
da shi ya sha kunu, da shi ya kwanta.

Da gida ya yi tsit
na jawo zaren, na dubi jelar da ta rage,
na yi mata ƙulli na huɗu.
Wannan nawa ne.